Yadda ƙwayar farasitamol ɗaya ke hallaka kyanwa a hannun mai tausayinta

Da wuya a shiga gida a Najeriya, daga Maitama har Mararaba, a rasa katin farasitamol a kan durowa ko a cikin jakar uwargida. Shi ake fara miƙa wa hannu idan kai ya sara ko jiki ya yi zafi, ana sayensa a kowane kemis ba tare da takardar likita ba, kuma sabo da shi ya kai matsayin da mutane da yawa ba sa lissafa shi cikin magungunan da ake jin tsoro. Baligi mai lafiya yana iya shan ƙwaya biyu har sau huɗu a yini ya tashi garau. Amma ƙwaya ɗaya tak mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa cikin yini ɗaya zuwa biyu, kuma mutuwa ce mai wahala.

Likitocin dabbobi sun daɗe da lura da wani bambanci tsakanin kare da kyanwa a wannan batu. Kare makwaɗaici ne, shi ke tsintar katin magani a ƙasa ya tauna ya haɗiye. Kyanwa kuwa tana da tsantseni, sai ta shinshina abu ta juya masa baya, balle mai ɗaci. Saboda haka a mafi yawan lokuta farasitamol ba ya shiga cikinta sai da hannun mutum. Wani ne ya gan ta kwance ta ƙi abinci, tausayi ya kama shi, ya ɓare ƙwaya ya niƙa a madara, ko ya buɗe bakinta ya tura. Galibi wanda ya fi kowa damuwa da ita a gidan shi ne ke zama sanadin ajalinta.

A Amurka, ƙungiyar kare dabbobi ta ASPCA tana da cibiyar karɓar kiran gaggawa kan dabbobin da suka ci guba, kuma shekaru da dama a jere magungunan mutane da ake saya ba takardar likita su ne ke kan gaba a jerin abubuwan da ake kiranta a kansu. Can ke nan, inda asibitin dabbobi ke kusan kowace unguwa. A nan kuwa, kemis yana bakin layi, likitan dabbobi yana can wani gari ko wani sashen birni.

Lamarin ya wuce na masu kiwon mage don sha'awa, duk da cewa su ma sun yawaita, musamman matasan Abuja da Kaduna da Legas da ke sayen maguna 'yan asalin Farisa masu dogon gashi a Instagram da kuɗi mai tsoka. Kyanwa ma'aikaciya ce a gidaje da shaguna da ɗakunan ajiyar hatsi. A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke dawowa duk rani, Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sanya ajiye kyanwa cikin matakan rage ɓeraye a gida, tare da rufe abinci da nisanta shara. Gidan da ya rasa kyanwarsa ya rasa mai gadi.

Zafin jikin da ba zazzaɓi ba

Kuskuren yakan fara ne daga tafin hannu. Zafin jikin mutum mai lafiya yana wajen digiri 37 a ma'aunin Salsiyos, na kyanwa mai lafiya kuma yana tsakanin 38 da 39.2. Duk wanda ya taɓa kunnenta ko cikinta zai ji ta fi shi ɗumi, ko da kuwa lafiyarta ƙalau. Idan aka haɗa wannan ɗumi da kwanciya da ƙin abinci, sai mai ita ya yanke hukunci da irin ma'aunin da yake auna 'ya'yansa: zazzaɓi ne, a kawo farasitamol.

Ga shi kuma kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo. Ƙaramar dabba ce da ke farauta ake kuma farautarta, kuma a daji nuna rauni kiran ajali ne. Takan yi kwanaki tana fama kafin a lura, kuma idan ta nuna, alamun kusan iri ɗaya ne komai cutar: ta laɓe a ƙarƙashin gado, ta daina lasar jikinta, ta ƙi abinci. Bayan waɗannan alamu ana iya samun tsutsar ciki, ko ƙurji mai mugunya daga cizon faɗan muzurai, ko ciwon ƙoda a tsohuwar kyanwa, ko cutar ƙwayar bairos mai kashe 'yan kyanwa da amai da gudawa, ko kuma ta ci ɓeran da ya ci guba. Babu ko ɗaya daga cikinsu da maganin ciwon kai ke warkarwa. Ko da zazzaɓin gaskiya ne, shi alama ce ta wata cuta, kuma cutar ake nema.

Abin da hantar kyanwa ba ta iya ba

Duk maganin da aka haɗiya sai ya bi ta hanta, galibi ita ke sarrafa shi ta mayar da shi abin da ƙoda za ta iya fitarwa a fitsari. A game da farasitamol, ana iya kwatanta hantar mutum da unguwa mai magudanan ruwa uku. Ta farko babbar kwalbati ce, ita ke kwashe mafi yawan maganin ta hanyar liƙa masa wani sinadari dangin sukari. Ta biyu matsakaiciya ce, tana liƙa masa sinadarin salfet. Ta uku 'yar ƙarama ce kuma mai haɗari, domin abin da ya bi ta cikinta guba yake zama, sai dai a jikin mutum ɗan kaɗan ne ke bi ta nan, kuma hanta tana da ajiyar wani sinadari mai suna gulutatayon da ke kashe kaifin gubar nan take.

A jikin kyanwa babbar kwalbatin a toshe take tun daga halitta. Ta biyun tana aiki amma ba ta da faɗi, nan da nan take cika. Abin da ya rage sai ya malala ta hanyar guba, ajiyar gulutatayon ta ƙare cikin sa'o'i, gubar ta shiga jini.

Masana sun gano dalilin toshewar. Ƙwayar gado mai lamba UGT1A6, wadda ke ƙera sinadarin da ke buɗe babbar hanyar, tana nan a jikin kyanwa amma a lalace, ba ta ƙera komai. Wani bincike da aka wallafa a mujallar PLoS ONE a shekarar 2011 ya duba jinsuna 18 na dangin kyanwa, ya tarar da wannan lahani a dukkansu. Wato zaki da damisa ma haka suke. Bayanin da masanan suka fi karkata gare shi yana da alaƙa da abinci. Tsirrai suna kare kansu da sinadarai masu ɗaci da guba, don haka dabbar da ke cin ganye, irin akuya da saniya, da mai cin komai irin mutum, dole hantarsu ta ƙware wajen kwance waɗannan sinadarai. Dangin kyanwa sun shafe miliyoyin shekaru ba sa cin komai sai nama, sai wannan kayan aiki ya lalace ba tare da sun ji a jikinsu ba. Magunguna da yawa kuwa, a fuskar hanta, kamanninsu ɗaya da sinadaran tsirrai.

Akwai rauni na biyu a cikin jinin kansa. Himogulobin, wato jan sinadarin da ke dakon iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki, yana da wurare takwas da irin wannan guba ke iya kamawa a jinin kyanwa. Na kare huɗu ne, na mutum biyu. Shi ya sa mutumin da ya sha farasitamol fiye da kima hantarsa ce ke lalacewa a hankali cikin kwanaki, ita kuwa kyanwa jininta ne ke fara mutuwa. Himogulobin ɗin yakan rikiɗe ya kasa riƙe iska, jinin ya koma ruwan ƙasa kamar cakulan. Huhu yana aiki, iska tana shiga tana fita, amma babu mai kai ta inda ake buƙata. Kyanwar tana shaƙewa ne alhali hancinta a buɗe yake.

Alamun sukan bayyana tsakanin sa'a ɗaya zuwa huɗu. Za a ga tana haki, miyau yana dalala, wani lokaci da amai. Dasashinta da harshenta, waɗanda ya kamata su zama ja mai haske, sai su koma ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi. Jiki yakan yi sanyi, kuma a nan ne wasu ke murna cewa zazzaɓi ya sauka. Daga baya fuska da tafukan ƙafa su kumbura, fitsari ya yi duhu saboda jajayen ƙwayoyin jini da ke fashewa. Wadda ta tsallake wannan mataki tana iya faɗawa ciwon hanta, idanu da dasashi su yi rawaya irin na shawara. Mafi muni shi ne mai ita ya ga jiki ya ƙara rikicewa ya ɗauka maganin ne bai isa ba, ya ƙara mata wani. Ƙwaya ta biyu tana tarar da hantar da ba ta da sauran abin kare kai.

Wannan bambanci tsakanin halittu ba a kan kyanwa kaɗai ya tsaya ba. A tsibirin Guwam da ke tekun Fasifik, hukumomin Amurka suna yaƙar wani maciji da ya ƙarar da tsuntsayen tsibirin ta hanyar jefa matattun 'ya'yan ɓera daga jirgi mai saukar ungulu, kowanne da miligiram 80 na farasitamol a jikinsa. Abin da ake bai wa jariri a wani wuri, shi ne gubar maciji a can.

“Ai ɗan kaɗan ne”

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta rage yawa. Tunda kyanwa ƙarama ce, sai a raba ƙwaya huɗu a ba ta kashi ɗaya, ko a ɗauko na ruwa na yara, wanda ake ganin ya fi sauƙi. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Babbar kyanwa takan kai kilo 3 zuwa 5, kuma an ga alamun guba daga miligiram 10 kan kowane kilo. Ga kyanwa mai kilo 4, miligiram 40 ke nan. Cikakkiyar ƙwaya ta ninka haka fiye da sau 12. Rubu'inta miligiram 125 ne, ninki uku. Ƙaramin cokali ɗaya na maganin yara, mililita 5, yana ɗauke da miligiram 120 ko 125, daidai da rubu'in ƙwayar manya. A wajen likitocin dabbobi babu wani adadin farasitamol da ake ɗauka amintacce ga kyanwa. Suna iya rubuta shi ga kare a wasu yanayi da awo na musamman, kuma wannan ma yana ruɗar masu kiwon dabbobin biyu a gida ɗaya.

Sannan farasitamol yakan ɓuya a ƙarƙashin wasu sunaye. Panadol shi ne. Panadol Extra shi ne da ƙarin sinadarin kafeyin. Maganin mura irin su Procold yana ɗauke da shi tare da sinadarin buɗe hanci, wanda shi kansa yana hargitsa bugun zuciyar kyanwa har ya kai ta ga farfaɗiya. Ibucap ya haɗa shi da ibufurofen da kafeyin, guba uku a ƙwanso ɗaya. A lokacin hunturu, sa'ad da murar maguna ke yaɗuwa, su yi ta atishawa idanu na zubar da kwantsa, irin waɗannan haɗe-haɗen ne hannu ke fara kaiwa gare su. Murar kuwa yawanci ƙwayar bairos ce ke kawo ta.

Sauran mazauna durowa

Dangin magungunan ciwon jiki da kumburi, wato ibufurofen da dikulofenak da firoksikam da indometasin, ta wata hanya suke ɓarna. Suna rage sinadaran da ke kare bangon ciki da kuma waɗanda ke tabbatar da jini yana isa ƙoda. A jikin kyanwa sukan daɗe ba su fita ba, sai ciki ya yi gyambo, ta yi aman jini ko baƙin kashi kamar kwalta, bayan kwana biyu ko uku ƙoda ta tsaya. Kyanwar da ta riga ta daina shan ruwa saboda rashin lafiya, wadda ita ce ake bai wa maganin, ta fi kowace saurin rasa ƙodarta.

Duniya ta ga abin da dikulofenak zai iya yi wa halittar da ba a yi shi dominta ba. A shekarun 1990 makiyaya a Indiya da Pakistan sun rungumi ba wa shanu shi, ungulaye suka riƙa cin mushen shanun, ƙodarsu na lalacewa. Wasu jinsunan sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 kafin wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2004 ya gano musabbabin. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka haramta amfani da shi ga dabbobi.

Indometasin kuma yana da labarinsa a Najeriya. Mutane da dama sun san ƙwanson Indocid a matsayin maganin ɓera fiye da maganin ciwon gaɓoɓi: a buɗe shi a barbaɗa a kan busasshen kifi a ajiye a lungu. Abin da ke jawo ɓera zuwa wannan lungu shi ne ke jawo kyanwa, kuma a cikin kifi ɗacin ba ya korarta. Wannan na daga cikin 'yan hanyoyin da take cin maganin mutane da bakinta.

Asfirin yana da wuyar sha'ani domin likitoci suna amfani da shi ga kyanwa mai ciwon zuciya don hana jini daskarewa. Amma ɗan mitsitsi suke bayarwa, sau ɗaya a kwana biyu ko uku, saboda abin da jikin mutum ke fitarwa cikin sa'o'i yakan wuce yini guda a jikin kyanwa rabinsa bai fita ba. Ƙunshin garin Alabukun guda ɗaya yana ɗauke da miligiram 760 na asfirin da 60 na kafeyin.

Valium da ake ba wa kyanwa ta baki ya sha jawo mutuwar hanta farat ɗaya. Flagyl idan ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, ta riƙa tangaɗi idanu na rawa. Tafarnuwa da albasa, waɗanda wasu ke dakawa su ɗura wa dabba don tsutsar ciki, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa ta hanya mai kama da ta farasitamol.

Abin da aka shafa, an ci

Kyanwa tana kashe wani babban kaso na lokacin da take farke wajen lasar jikinta. Duk abin da aka shafa mata a fata, ko ta taka, ko ta goga a jikin mai ita, ƙarshensa cikinta. Man zafi irin su Robb da Aboniki suna ɗauke da kafur da wani sinadari ɗan uwan asfirin. Dettol da Izal, waɗanda ake wanke rauni ko goge daɓe da su, dangin sinadarin finol ne, wanda ke buƙatar babbar kwalbatin nan da hantarta ba ta da ita, ga kuma ƙona baki da harshe. Ruwan maganin ƙazuwa na mutane, da baƙin mai da kananzir da ake shafa wa dabba mai ƙaiƙayi, duk suna cikin wannan sahu. Masu yayyafa fiya-fiya ko Sniper a jikin kyanwa don kashe ƙuma sukan kashe ƙumar da mai ɗauke da ita. Hatta maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin fametirin yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya, wani lokaci don kawai ta kwanta kusa da karen da aka ɗiga wa.

A shekarar 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan wasu maguna sun kamu da ciwon ƙoda, wasu sun mutu, a gidajen da masu su ke shafa wa kansu man ciwon gaɓoɓi dangin ibufurofen. Ba a shafa wa magunan komai ba. Wani abin da ya kamata samarin birni su sani shi ne minoksidil, ruwan da ake shafawa don tsirar da gemu ko cike sanƙo. 'Yan ɗigo kaɗan da kyanwa ta lasa a matashin kai ko a fuskar mai ita sun isa su tara mata ruwa a huhu su raunana zuciyarta.

To ai likita ma kemis yake turawa

Gaskiya ne, kuma a nan ne ruɗanin ya samo asali. Ba baƙon abu ba ne mutum ya kai kyanwa asibitin dabbobi a rubuta masa takarda ya je kantin maganin mutane ya sayo amoksisilin ko wani abu makamancinsa. Magunguna da yawa ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Abin da likitan ya ƙara shi ne sanin wanne ne hantar kyanwa ke iya ɗauka, da ɗora ta a sikeli, da duba ko ƙodarta na da ƙarfin karɓa.

Meloksikam misali ne mai kyau. Yana cikin 'yan magungunan ciwo da aka amince a ba kyanwa, kuma mutane ma suna shan sa. Ƙaramar ƙwayar mutane miligiram 7.5 ce. Abin da kyanwa mai kilo 4 ke buƙata a yini wajen miligiram 0.2 ne, wato sai an raba ƙwayar kusan kashi 37. Babu rezar da za ta yi wannan aiki, shi ya sa na maguna yake zuwa a ruwa mai rauni da sirinjin awo. Doksisaikilin kuma magani ne mai amfani gare ta, amma idan aka tura mata ƙwayar a bushe ba a bi da ruwa ba, takan maƙale a maƙoshi ta ƙona shi, ya warke da tabo mai tsuke hanya, ta koma duk abin da ta ci sai ya dawo.

Ragowar ƙwanson kashe ƙwayoyin cuta da wani ya sha ya bari, irin ja da yalo da ake buɗewa a zuba wa kaji a ruwa, ba ya kashe kyanwa nan take kamar farasitamol. Illarsa ita ce cinye lokaci. Muzurun da ke yawan tsugunawa yana nishi ba abin da ke fita, sau da yawa ba kashi ne ya ƙi fita ba, mafitsararsa ce ta toshe, kuma idan ba a buɗe ta ba yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Kowane yinin da aka kashe ana gwada ƙwanso da man zaitun daga cikin waɗannan kwanaki ake cire shi.

Akwai haɗari ga mai ba da maganin shi ma. Kyanwa tana kamuwa da ciwon haukan kare, kuma daga alamunsa akwai sauyin hali da dalalar miyau da kasa haɗiya. Cusa yatsu a bakin irin wannan kyanwa, musamman wadda ke yawon dare ba a taɓa yi mata rigakafi ba, ganganci ne. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar.

Idan an riga an ba ta

Farasitamol yana da makari, sunansa asetilsistin, kuma shi ake ba mutanen da suka sha fiye da kima. Aikinsa shi ne mayar wa hanta ajiyar gulutatayon da ta ƙare. Ana ba kyanwa shi duk bayan sa'a shida har kusan kwana biyu, tare da iskar oksijin da ƙarin ruwa, wani lokaci da ƙarin jini. Idan an kai ta cikin sa'a ɗaya ko biyu, likita na iya sa ta amai da allura ya kuma ba ta garin gawayi na asibiti da ke kama maganin kafin ya shiga jini. Makarin ya fi aiki a sa'o'i takwas na farko. Saboda haka ba a jiran alamu. Kyanwar da aka ba farasitamol da safe kuma take yawonta da hantsi ba tsira ta yi ba, lokacinta ne ke tafiya.

Manja da madara, waɗanda su ne makarin kowace guba a gidajen Najeriya, ba sa yin komai a nan. Ɗura wa dabbar da ke haki mai ko ruwa yana iya sa ta shaƙe shi zuwa huhu, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ruwan gishiri don jawo amai guba ne na biyu. Abin da ke da amfani shi ne a sa ta a kwali mai huji ko kwando mai murfi, a rage mata motsi domin jininta ba ya ɗaukar iska sosai, a ɗauki katin maganin a tafi da shi, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da aka ba ta, nawa ne, da ƙarfe nawa. Kunya takan sa wasu su ce ba su san abin da ta ci ba, sai likita ya ɓata lokaci yana neman abin da mai ita ya sani.

Kunyar ba ta tsaya nan ba. A wurare da yawa wanda aka gani ya rungumo kyanwa zai kai asibiti sai ya sha zolaya, a ce mutane ma ba su samu magani ba. Ga asibitocin dabbobi na jihohi, waɗanda aka fi sani da shanu da awaki da kaji, ga na kuɗi a manyan birane da ba kowa ke iya biya ba. Duk da haka ƙofofin sun fi yadda ake zato yawa. Akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Abuja da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, da na Makurɗi da Ibadan da Nsukka, kuma suna duba ƙananan dabbobin gida. Likitan da ya saba da shanu ma ya karanta ilimin magunguna, ya san abin da ba a ba kyanwa, kuma kiran waya na minti biyu ya isa ya hana ɓarna. Hukumar Kula da Aikin Likitancin Dabbobi ta Najeriya ce ke rajistar likitocin, don haka mai sayar da maganin kaji a kasuwa da ake kira “dokta” ba lallai ne yana cikinsu ba.

Kafin a samu likita, abin da gida zai iya yi wa kyanwa marar lafiya ba shi da yawa. A ajiye ta wuri mai ɗumi da shiru, nesa da sauran maguna, da ruwa mai tsabta a kusa. A ɗan ɗumama kifi ko naman kaza marar yaji da albasa, domin kyanwa da hanci take cin abinci, kuma wadda mura ta toshe wa hanci ba ta jin ƙanshin abu mai sanyi. A goge mata ido da hanci da auduga da ruwan ɗumi. Idan ta cika yini guda ba ta ci komai ba, ko 'yar ƙarama ce mai amai da gudawa, ko tana numfashi baki buɗe, jiran ya ƙare. Kyanwa mai ƙiba da ta yi kwana uku ko huɗu ba ci, kitse yakan taru a hantarta ya zama wata cutar ta daban, wadda sau da yawa sai an sa mata bututun abinci na makonni kafin ta farfaɗo.